Wa ya taɓa haɗa sandar fatsa da hannunsa? Ku zo mu ji yadda ta kaya

Mai Fatsa, Kano

Assalamu alaikum jama'a. Asabar ɗin da ta wuce na ƙunshi takaici a madatsar ruwa ta Tiga. Tun asuba nake zaune ko ƙarfasa ɗaya ban gani ba, sai wajen hantsi wani abu ya ja totuwata ya nutsar da ita. Da na ɗaga na ji nauyi, na san tarwaɗa ce, kuma ba ƙarama ba. Ban gama washe baki ba sai na ji ƙas! Sandar da na saya, irin mai zugewar nan kamar eriyar rediyo, ta karye a gaɓa ta biyu. Kifi ya tafi da ƙugiya da zare da rabin sanda. Wannan ce ta uku cikin shekara 2. Wani dattijo da ke gefena riƙe da gorarsa da ta yi baƙi don tsufa bai ce mini komai ba sai "sannu yaro", amma sannun nan ta fi zagi ciwo. Na ƙuduri niyyar haɗa tawa. Duk wanda ya taɓa yi, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, har da inda ya tafka ɓarna.

Ɗan Sarkawa, Yawuri

Wa alaikumus salam. Malam, mu nan bakin Kwara fatsa da sanda aikin yara ne. Babba mamari yake zubawa, wato igiya mai ƙugiyoyi da yawa, ko ya jefa ragar birgi, ko ya kafa tarkon gura. Amma duk masuncin da ka gani, da fatsa ya buɗe ido, don haka bari in ba ka abin da munka koya wurin tsoho, Allah ya jiƙan shi.

Aikin duka wurin yankan gora yake. Kada ka yanki wadda ta yi kore shar tana sheƙi, wannan ɗanya ce, ta bana ko ta bara. Nemi wadda ta kai shekara 3 ko 4, launinta ya fara komawa ruwan ƙasa, in ka ƙwanƙwasa ta da bayan wuƙa ka ji ta amsa da ƙarfi. Kuma cikin hunturu ake yanka. Wadda anka yanka cikin damina cike take da ruwa, ƙwari ba su barin ta. Tsoho ya kan ɗaure su dami guda, ya danne da dutse cikin gulbi mako 2. Ranar da anka fiddo su wari kamar me, har tsohuwa ta hana a shigo da su cikin gida. Daga nan sai ya rataye kowace a azarar zaure, kai sama, ya ɗaura mata dutse a gindi don ta bushe a miƙe. Inuwa fa, ba rana ba. Wata 4 ba wanda ke taɓa su. Ni da gaggawar ƙuruciya na taɓa sace ɗaya bayan wata guda, na je gulbi da ita. Kwana 3 ta lanƙwashe kamar baka, ta ƙi komawa. Tsoho bai buge ni ba, cewa ya yi in je in nemo kibiya.

Na Matan Fada, Argungu

Ni fa da na ga kuna ta "gora, gora" na zaci ta duma kuke nufi, wadda muke kifawa mu hau a ruwa. Ashe ta sanda ce. To ku ci gaba, mu tun 1934 da aka fara bikin kamun kifin nan namu, ragar homa da gora muka sani, ban taɓa ganin wanda ya shiga Matan Fada da fatsa ya fito da giwan ruwa ba. Ina gefe ina saurare.

Kafinta, Zariya

Abin da Ɗan Sarkawa ya faɗa gaskiya ne, ni jikina ne ya gaya mini. Na farko da na yi, a watan Agusta na sa aka yanko mini gora 6 daga wajen Kaciya. Saboda sauri na shanya su a kan kwanon shago. Huɗu suka tsage tun daga gaɓa har gaɓa. Biyun da suka tsira na goge da samfefa, na shafa musu banish har suna ɗaukar ido. Bayan wata 3 na ɗauko ɗaya sai na ga wani gari kamar na alkama yana zuba daga ƙananan huji. Ƙwaro ya cinye cikinta, banish ɗin ne kawai ke riƙe da mutuncinta.

Karo na biyu na bi ta a hankali. Ga abin da na koya wajen miƙarwa: garwashi ake so, ba harshen wuta ba. Ka riƙa juya wurin da ya karkace a samansa har ka ga ya fara gumi yana fitar da ɗan maiƙo, sai ka tanƙwara shi a gwiwarka da tsumma, ka riƙe, ka goga masa jiƙaƙƙen tsumma ya huce a haka. Gaɓa ɗaya bayan ɗaya, kana kanne ido kana hangen tsawonta kamar mai duba katako. Idan ka ji ƙauri, ka wuce gona da iri, wurin nan zai karye watarana. Kuma kada ka kankare fatar gora da sunan gyara. Ƙarfinta duk a bayan nan yake. Tudun gaɓa kawai za ka rage da magagari.

Zobban da zare ke bi ta ciki kuwa, da sifok ɗin keke na fara yin su. Suna da ƙarfi amma damina ɗaya suka yi tsatsa, tsatsar kuma ta riƙa cin zare. Yanzu wayar da ba ta tsatsa nake samu, in naɗe ta a jikin ƙusa, in bar mata ƙafa biyu in daddale su. Kafin in ɗaure sai in manna su da salatif, in zura zare, in rataya robar ruwa mai lita 1 a bakinsa, in ɗaga. Duk inda zare ya taɓa jikin gora ko ya yi kwana mai kaifi, sai in matsa zoben. Tawa mai tsawon mita 3 zobe 8 ta ci, sun fi matsuwa wajen tsini.

Maman 'Yan Biyu, Gaya, Nijar

Ku yi haƙuri in sa baki a zancen maza. Ni tela ce, kuma ta ɓacewar kayana na shiga wannan sana'a. Yau in nemi zare in rasa, gobe in nemi farin jan farce in rasa, ashe maigida da yaransa ne ke kwashewa suna ɗaure zobba. Da na ga irin ɗaurin da suke yi, kamar an ɗaure buhun gawayi, sai na ce su kawo. Zaren auduga da suke sata shi ne matsalar farko, ruwa na ruɓar da shi. Na nailan ake so, irin na ɗinkin takalmi. Kana juya sandar ne, ba zaren ba, kowane zagaye ya kwanta jikin ɗan'uwansa ba tare da ya hau shi ba. Idan saura zagaye 6 ka gama, sai ka kwantar da wani guntun zare da ka ninka biyu, ka ci gaba da naɗewa a kansa, ka zura bakin zarenka a madaukin, ka ja. Bakin ya shige ƙarƙashi, babu ƙulli ko ɗaya. Yanzu har daga Malanbil, tsallaken gada, abokansa ke aiko mini da nasu. Shi kuwa maigida har yau a bakin ruwa cewa yake shi ya yi.

Kafinta, Zariya

Hajiya, Allah ya ƙara basira, wannan dabarar madaukin shekara nawa ina neman ta. Sai dai jan farce yana ɓarewa in ya sha rana. Ni gam ɗin Araldite nake gaurayawa in shafa siriri, in zauna ina juya sandar har ya kama, don kada ya taru a gefe ɗaya. Gam ɗin nan mai bushewa nan take kam ban ba ku shawara ba, yana sa zare ya yi tauri ya tsage da sanda ta lanƙwasa.

Baduku, Sakkwato

Kan mariƙi zan yi magana, tunda nan na ji kunya. Na ɗinka ma tawa jar fata mai kyau, har da ado da tuntu. Ranar farko na cire tarwaɗa daga ƙugiya, na kama sanda da hannun da ke da yauƙi, sai ta suɓuce ta faɗa ruwa. Fata in ta jiƙe ta haɗu da yauƙin tarwaɗa, sabulu ce. Na kwance adona na naɗa robar tiyub ɗin keke. Muni kam akwai, amma ba ta ƙara kuɓuce mini ba.

Injiniya, Minesota, Amurka

Gaisuwa ga manya. Nan ma akwai masu wannan aiki, har ƙungiyoyi gare su. Yawanci sukan sayi tsurar sandar kabon ne, irin ta masana'anta mai ƙarfi marar nauyi, su haɗa mata mariƙi da zobba da kansu. Na gwada sau ɗaya a lokacin sanyi, da ƙanƙara ta kulle mu a gida. Abu guda da na koya wanda zai yi aiki ko a gora: kowace sanda tana da ɓangaren da take son lanƙwasawa. Ka kafa gindinta a ƙasa mai santsi, ka tallafe tsininta a tafin hannu, ka danna tsakiya kana mirgina ta. Za ka ji ta yi tsalle ta zauna a wuri ɗaya. Yi alama a nan, ka jera zobbanka a kan layin, ba za ta riƙa murɗewa a hannunka ba in kifi ya ja.

Masu tsadar gaske kuwa har yau da gora ake yin su, wata iri da ake kawowa daga lardin Guwangdon na ƙasar Sin. Tsaga ta suke yi, su fere tsage 6 kowane mai kusurwa uku, su manne su su zama sanda ɗaya mai gefe 6. Wani Hiram Leonard ne ya yi suna da wannan aiki a jihar Men tun wajen shekarun 1870. Da Amurka ta hana ciniki da Sin a 1950, gorar ta yi wuya, sai na roba suka cika kasuwa. Dariya ta kama ni da na ga kuɗin da ake saye, na tuna wadda muke tokare igiyar shanya da ita a gida.

Gargaɗi ɗaya: sandar kabon tana ɗaukar wutar lantarki. Kada a ɗaga ta kusa da wayar wuta, kuma in hadari ya taso ana walƙiya a kwantar da ita.

Baba Masunci, Lagdo, Kamaru

Ɗana Mai Fatsa, duk sun faɗa maka yadda ake yin sanda, ba wanda ya tambaye ka yadda ka ɗaga taka. Ina jin da ka ji nauyi miƙar da ita ka yi tsaye tana kallon sama, kana son ka cicciɓo kifin ya faɗo gabanka. In haka ne, ko ta ƙarfe ce sai ta karye, don nauyin duka ya koma kan tsini. Babbar tarwaɗa ba a ɗaga ta, gajiyar da ita ake yi. Sanda a karkace, ta ja ka saki, ta tsaya ka jawo, in ta zo gaɓar ruwa ka sa hannu ko koma.

Sannan wane kifi kake nema? Ni uku gare ni. Ta gwangwala, marar nauyi, ta ƙarfasa ce da kawara, yini guda ba ta gajiyar da hannu, amma babban kifi ɗaya zai raba ta biyu. Ta gora mai kauri ta tarwaɗa ce da ragon ruwa. Ta ukun gajera ce ta kamun kifin da ake kira tsage, kuma ita sai na ɗaura silin wayar birkin keke kamu ɗaya kafin ƙugiya, don haƙoransa yanke zare suke kamar almakashi. Ka fara sanin wadda kake so kafin ka ɗauki adda.

Mai Fatsa, Kano

Baba, kamar kana wurin. Tsaye na miƙar da ita, har da tashi a kan ƙafafuna. Na karɓi laifina. Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci.

Ga inda aka kwana: jiya na koma Tiga ba tare da ƙugiya ba, na tarar da dattijon nan a wurinsa. Na gaishe shi, na miƙa masa goro, na tambaye shi shekarun gorarsa. Ya ce ta girmi autarsa, autar kuma tana aji 3 a sakandare. Man kaɗanya kawai yake shafa mata duk ƙarshen damina, baƙin nan kuma hayaƙin ɗakin girki ne, don can take kwana. Ya yi mini alkawarin in sanyi ya shigo zai raka ni inda yake yanka. Da na tambaye shi abin da zan riƙa fatsa da shi kafin nan, sai ya laluba buhunsa ya miƙo mini gwangwanin madara da zare naɗe a jikinsa.