Na sayi inbata mai 24V an aiko mai 12V, shago ya ƙi musanyawa

Assalamu alaikum. Na sayi inbatar sola mai 24V, 2.5kVA, ta intanet daga wani shago a Legas, na tura kuɗin duka ta banki. Da ta iso Kano, kwali ya ce 24V, amma lambar da ke manne a bayanta 12V ce, 1kVA. Baturana biyu masu 12V an jona su a jere, 24V suke bayarwa. In na haɗa ta ƙonewa za ta yi, don haka ko waya ban sa mata ba.

Na tura musu hoton lambar da rasit da takardar kamfanin da ya kawo kayan. Wai tunda na buɗe kwali, sai na mayar da ita da kuɗina, su duba tukuna. Alkawarin musanya kuwa sun ƙi rubutawa ko a WhatsApp. Banki ya ce da hannuna na tura, ba zai janyo ba.

Tsorona in mayar, kuɗi da kaya su haɗu a hannunsu. Shin hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, za ta karɓi ƙorafina inbatar tana wurina, ko dole sai na mayar?