Me ya sa zsh ke riƙe tsohon fankishin bayan na gyara shi?

Mai-koyo:
Assalamu alaikum. Ina ajiye fankishin ɗina na zsh (manhajar da ke karɓar umarni a tagar terminal) a folda mai suna ~/.zfunc, kowanne a fayil ɗinsa. Na saka foldar a fpath (jerin foldojin da zsh ke neman fankishin a ciki), na rubuta autoload -Uz a .zshrc (fayil ɗin da zsh ke karantawa idan aka buɗe taga), sannan na harhaɗa fayilolin (compile) da umarnin zcompile, don na ji ana cewa hakan yana ƙara sauri. Matsalar ita ce, duk lokacin da na gyara wani fankishin na sake kiransa, tsohon ne yake aiki. Shin fayil ɗin .zwc da zcompile ke samarwa ne ke jawo haka, kuma harhaɗawar ma tana da amfanin da ya kai a yi ta?

Tsohon-hannu:
Wa alaikumus salam, Malam. Ina ganin ba daga .zwc matsalar take ba. Umarnin autoload ba ya karanta fayil a lokacin da aka ba da shi. Sunan kawai yake riƙewa, sai ranar da aka fara kiran fankishin ɗin ne zsh zai bi foldojin fpath ɗaya bayan ɗaya ya ɗauko shi. Da zarar ya shiga ƙwaƙwalwa kuwa, zsh ba zai sake waiwayar fayil ɗin ba har a rufe wannan tagar, ko da an gyara shi sau goma.

Ka gwada da kanka. Buɗe sabuwar taga ka rubuta functions tare da sunan fankishin ɗin, za ka ga kalmar undefined da ɗan layi guda a ƙasa. Kira shi sau ɗaya ka sake dubawa, sai ka ga jikinsa gaba ɗaya ya bayyana. Maganin shi ne ka cire shi da unfunction, sannan ka sake ba da autoload -Uz, ko kuma ka buɗe sabuwar taga kawai.

Mai-lura:
Bayanin Malam daidai ne, amma ba zan wanke .zwc gaba ɗaya ba. A kowace folda ta fpath, zsh yana duba abubuwa 3: babban fayil ɗin .zwc na foldar dukanta, da .zwc na fankishin ɗin shi kaɗai, da ainihin rubutun, kuma wanda ya fi sabunta a cikinsu shi yake ɗauka. Saboda haka idan ka dawo da wani tsohon fayil da cp -p, wanda ke barin tsohon lokacin gyara a jikinsa, .zwc ne zai rinjaya, kai kuma kana kallon rubutun da ba shi ke aiki ba. Umarnin zcompile -t zai nuna maka sunayen fayilolin da aka harhaɗa cikin .zwc ɗin. Akwai kuma batun laƙabi (alias, wato gajeren suna da ke wakiltar wani umarni), wanda ake yawan mantawa da shi: ana warware laƙabi ne a lokacin harhaɗawa, don haka wajibi ne a ba zcompile kansa -U, mai hana warware laƙabi, domin -U ɗin da ke jikin autoload ba zai gyara abin da aka riga aka harhaɗa ba.

Tsohon-hannu:
Na yarda da wannan ƙari, Malam. Game da amfanin harhaɗawa kuwa, abin da take ragewa shi ne wahalar karanta rubutu da rarrabe shi, ba ta sa fankishin ya yi aikinsa da sauri ba. A ƙananan fayiloli ba za ka ji bambanci ba, inda take biya shi ne manya irin su .zcompdump da compinit (mai kunna tsarin ƙarasa umarni da maɓallin Tab) ke rubutawa. Shawarata ita ce ka auna tukuna: saka zmodload zsh/zprof a farkon .zshrc, da zprof a ƙarshensa, ka ga inda lokacin yake tafiya. Fankishin ɗin da har yanzu kake gyarawa kullum, bar shi ba harhaɗawa. Waɗanda suka zauna kuwa, zrecompile zai sabunta maka su idan rubutun ya canza, kuma ka sake harhaɗa su duk lokacin da ka sabunta zsh ɗin kansa.