Robar fitsarin mahaifina na yoyo, fitsarin kuma ya yi wari, ku ba ni shawara

Ɗan Autan Baba:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da tsawon rubutuna, kaina ne ya ɗau zafi. Mahaifina shekararsa 74. Makonni uku da suka wuce fitsari ya ƙi fita masa tun la'asar har tsakar dare, mararsa ta kumbura ta yi tauri, yana ta murƙususu. A asibiti suka ce prostate ɗinsa (wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) ce ta kumbura ta toshe hanya, aka sa masa robar fitsari, nan take fiye da lita ɗaya ta fita. Da ita aka sallame mu. Mu bakwai ne a wurinsa, amma ni kaɗai aka bar wa. Babban yayanmu sau ɗaya ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa ya juya. Yayata kuwa sai dai waya, yi kaza, bar kaza. Hutun da na ɗauka a wurin aiki ya ƙare, na sake roƙo. Ba ƙorafi nake ba, uba ne, amma ban taɓa jinya ba, kuma wadda ta sa robar ko bayanin minti biyu ba ta yi mana ba. Baba mutum ne mai kunya, idan zan gyara masa sai ya juya fuska bango.

Yau kwana huɗu fitsari na yoyo ta gefen robar yana jiƙa masa wando. Na cikin jakar da ke haɗe da robar ya yi duhu, ga wari, ga wani abu fari-fari yana kwanciya a bututun. Me zan yi?

Mai Jinyar Shekara Uku:
Cuta ce ta shiga, babu tantama. Shekara uku na yi ina jinyar mahaifina da wannan roba, babu abin da ban gani ba. Ka fara masa maganin kashe ƙwayoyin cuta yau, kullum ka cire jakar ka wanke da ruwan zafi da Dettol, ka shafa masa kaɗan a bakin wurin. Yoyo kuwa robar ce ta yi masa kaɗan, ka ce su sa babba.

Nas Mai Ritaya:
Sannu ɗana, Allah Ya ba Baba lafiya. Ka ba mu labarin 'yan'uwanka, amma na mara lafiyar bai cika ba. Akwai zazzaɓi ko rawar sanyi? Kwiɓi ko ƙugu na ciwo? Yana magana daidai? Ruwa nawa yake sha? Yaushe rabonsa da bayan gida? Da dare ina jakar take kwana?

Ɗan Autan Baba:
Mama, babu zazzaɓi. Ruwa na rage masa saboda yoyon, kofi biyu ko uku a wuni. Bayan gida kwana biyar ke nan. Da dare nakan cire jakar in naɗe bakin robar in ɗaure, don ya samu barci, da asuba in mayar. Da rana tana kan katifa kusa da shi. Akwai ragowar kafson kashe ƙwayoyin cuta da aka taɓa rubuta wa matata, jiya na fara ba shi.

Nas Mai Ritaya:
To ga inda gizo ke saƙar. Robar da jakar hanya ce rufaffiya, duk sanda ka raba su ka buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa har cikin mafitsara. Ɗaurewa dare guda kuma na sa mafitsara ta cika ta matse, fitsarin ya nemi hanya ta gefe. Ka bar su a haɗe. Jakar ta zauna ƙasa da mara ko yaushe, a rataye a gefen gado, kada ta taɓa ƙasa. Idan tana kan katifa fitsarin na iya komowa ciki. Ka juye ta in ta haura rabi, ta famfon da ke ƙasanta, kada bakin famfon ya taɓa mazubin, ka wanke hannu da sabulu kafin da bayan.

Rage ruwan nan shi ya sa fitsarin duhu da kauri, shi ke tara wannan farin abin har roba ta toshe. Idan likita bai ƙayyade masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda ba, ya sha lita 1.5 zuwa 2 a wuni. Cikin da ya cushe kwana biyar ma yana danne robar, a nema masa maganinsa. Wanke wurin da ruwa da sabulu mara ƙamshi kullum ya isa, ka goge robar daga jiki zuwa waje, ban da Dettol, ban da hoda. Kafson matarka kuma ka ajiye. Kusan duk wanda roba ta kai wata guda a jikinsa akwai ƙwayoyin cuta a fitsarinsa, wari da duhu kaɗai ba su isa a ba da magani ba, sai dai ƙwayoyin su saba da shi, ranar da ake buƙatarsa ya ƙi aiki. Gobe ka kai shi a duba robar, ka faɗa musu ka ba shi kafson.

Mai Jinyar Miji:
Ni abin da ke ci min rai shi ne rashin bayanin. Babu wanda ya gaya min akwai wani ɗan balan-balan da suke cikawa da ruwa a cikin mafitsara, shi ke riƙe robar. Maigidana ya gaji da ita cikin dare ya fizge, ban taɓa ganin jini irin na ranar ba. Da muka koma ni suka hau da faɗa a gaban mutane, ga danginsa na cewa ban kula da shi. Har yau ban manta ba. Kada ka bari Baba ya ja ta, cire ta sai an zuƙe ruwan da sirinji.

Mai Jinyar Shekara Uku:
Hajiya, da girmanki, karatu daban jinya daban. Ni na kwana da mara lafiya, kullum ina wanke jaka, kuma ya yi shekara uku. Ɗan'uwa ka ci gaba da kafson, ka nemi babbar roba.

Nas Mai Ritaya:
Malam, babbar roba ta fi takura wa mafitsara, sau da yawa yoyon ƙaruwa yake. Kuma ni ma shekarun aikina a bakin gadon marasa lafiya na yi su.

Ɗan Autan Baba:
Na gode, amma ku fahimce ni. Ba da gangan nake cire jakar ba. Baba juyi yake da dare, bututun ya naɗe masa ƙafa ya farka yana kira na. Ruwan kuma in na ba shi, ni ne mai wankin zanin gado sau uku. Wanda ba ya ɗakin ba zai gane ba. Kafson ma kamar warin ya ragu.

Mai Roba a Jiki:
Ni kaina wata takwas ina da ita. Ka samo maɗaurin da ke riƙe robar a cinya, ka bar mata ɗan sako-sako, ba za ta ja shi ba. Da rana ƙaramar jaka a ƙafa ƙarƙashin wando, da dare in haɗa babba a bakin famfon ƙaramar, ban raba komai ba. Ta ƙafar ana canja ta bayan kwana 5 zuwa 7. Ka kuma tambaye su wace irin roba suka sa, wata ba ta wuce mako 4, ta silikon zalla tana iya kai mako 12. An ba ku ranar canji? An ce za a gwada cire ta a gani ko zai iya da kansa?

Ɗan Autan Baba:
Akwai wata takarda da suka ba mu, ina jin tana wurin yayata. Yanzu na shiga na taɓa shi, jikinsa da ɗumi, yana cewa a rufe shi. Tun magariba abin da ya sauka a jakar bai kai rabin kofi ba. Ɗazu ma da sunan ƙaninsa da ya rasu ya kira ni, amma ina ga barci ne. Zan jira yaya ya zo da mota da safe.

Nas Mai Ritaya:
Kada ka jira safiya, ɗana. Ka duba ko bututun ya lanƙwashe, ka miƙe shi, sannan ku tafi sashen gaggawa yanzu. Zazzaɓi, ruɗewa da ɗaukewar fitsari a tsoho mai roba na iya nufin ta toshe, ko cutar ta hau ƙoda ta shiga jini. Ka tashi maƙwabci. Ka tafi da kwalin kafson.

Mai Jinyar Shekara Uku:
Ka ba shi farasitamol ya kwana, mahaifina sau nawa ya yi haka.

Mai Jinyar Miji:
Ɗan Autan Baba, ka saurari Mama. Kun tafi? Ya ake ciki?