Ƙugi a lasifikar amfilifaya mai bawul: ina za a fara dubawa?

Ɗalibin Lantarki: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Na kammala haɗa amfilifaya mai bawul uku (kwalaben gilashi irin na tsohuwar rediyo): 12AX7 ɗaya a gaba, EL84 ɗaya a ƙarshe, sai EZ81 mai mayar da wutar AC zuwa DC a ɓangaren wuta. Sauti yana fita tangaran, sai dai akwai wani ƙugi mai kauri a lasifika wanda ba ya raguwa ko na rage murya gaba ɗaya. Ina neman shawara.

Mai Rediyo: Wa alaikumus salam. Tunda rage murya bai taɓa shi ba, matsalar tana bayan makunnin murya ne, ba daga abin da ka jona ba.

Baba Injiniya: Ɗana, kafin ka ɗauki abin liƙa dalma, ka fara sanin irin ƙugin. Wutarmu 50 Hz ce, kuma EZ81 yana ninka ta, don haka ƙugin da ya fito daga raunin kafasitocin tace wuta 100 Hz ne, wanda ya fito daga wayoyin hita (abin da ke ɗumama cikin bawul) ko daga taransifoma kuwa 50 Hz ne. Manhajar auna sauti ta wayar hannu ta isa ta nuna maka wannan. Idan 50 ne, ka duba wayoyin hita na bolt 6.3: a murɗe su biyun sosai, a kwantar da su jikin shasi (ƙarfen da aka ɗora kayan a kai) nesa da ƙafafun giridin 12AX7, inda sigina ke shiga. In taransifomarka ba ta da wayar tsakiya a ɓangaren hita, ka sa resista biyu masu om 100, kowace daga waya ɗaya zuwa ƙasa, wato giraun. Amfilifaya mai bawul ɗaya a ƙarshe ba ta yafe datti a wuta, domin ba ta da abokin da zai soke ƙugin kamar mai biyu.

Na Sabon Gari: Ni dai da kafasita mai 470 µF zan maye gurbin ta farko, a huta.

Baba Injiniya: A'a, Malam. EZ81 bai kamata ya ga fiye da 50 µF a kafasitar farko ba, in ba haka ba za a gajarta masa rai. Babbar sai a bayan resista ko cok (naɗin waya mai tace wuta).

Na Sabon Gari: To, ya cire wayar ƙasa, wato ta uku mai tsaro, daga fulogi ya gani. Da yawa a nan suke warkewa.

Mai Sautin Masallaci: Don Allah kada wanda ya bi wannan shawarar. Wani mai gyara ya taɓa yi mini haka a wata tsohuwar amfilifaya da muke kiran salla da ita: na kai masa saboda ƙugi, ya yanke wayar ƙasa bai gaya mini ba, ƙugin ya ragu, na biya shi ina godiya. Bayan wani lokaci rufin wata waya ya goge a ciki ta taɓa shasi, kuma tunda babu hanyar da wutar za ta bi ta ƙona fis, sai ta zauna a jikin ƙarfen har zuwa makirufo. Ladaninmu, dattijo ne, ya kama shi da damshin alwala a hannu, wuta ta yar da shi ƙasa. Allah ya kiyaye ya tashi, amma ya daɗe yana jinyar kafaɗa. Wayar ƙasa ta tsaro tana da ƙusarta ita kaɗai a shasi, kusa da inda wuta ta shigo, kuma ba a taɓa ta. Wanda ake gyarawa shi ne yadda aka haɗa ƙasan sigina, a tara su wuri ɗaya, kada na kafasitar farko ya bi hanya ɗaya da na 12AX7.

Na Sabon Gari: Gwaji na ce, ban ce a bar ta a cire ba. Kuma gidaje nawa ne soket ɗinsu ke da ƙasa ta gaskiya?

Mai Sautin Masallaci: Wannan dalilin kafa sandar ƙasa ne a gida, ba dalilin yanke waya ba.

Mai Rediyo: Ni abin da ba a tambaya ba shi ne wutar da yake amfani da ita. Inbata mai araha ba ta ba da wuta mai santsi, tana sa zizar da ba a ji a wutar layi, haka ma cajar waya idan tana soket ɗaya.

Ɗalibin Lantarki: Wutar layi ce. Na auna, 50 Hz ya nuna, kuma na zare EL84 na kunna na ɗan lokaci, ƙugin yana nan ko da ya yi ƙasa-ƙasa.

Baba Injiniya: To, taransifomar wuta ce ke watsa wa ta lasifika maganaɗisu kai tsaye, domin babu bawul ɗin da zai kai sautin can. Ka kwance ta lasifikar, ka juya ta digiri 90 ko ka matsar da ita nesa. Amma ka kashe, ka zare fulogi, ka sauke cajin kafasitoci da resista, ka tabbatar da mita tukuna, don suna riƙe kusan bolt 300 bayan an kashe.

Ɗalibin Lantarki: Na gode, Baba. Shasin nawa ƙarami ne, babu wurin matsarwa, juyawar zan gwada gobe in sha Allah.

Mai Sautin Masallaci: Malam Mai Rediyo, wace irin inbata kake ganin ta dace da amfilifayar masallaci? Tamu ma tana wannan zizar da zarar an ɗauke wuta.