Musayar Waƙa: Me Ke Kai Matasa Ga Ƙwaya a Daren Biki?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum ma'abota alƙalami,
Ga tambaya, ku ba ni amsa da dalili:
Gidan ajo an zuba kodin cikin lemo,
Me ke kai ɗan mutunci ga wannan hali?

Malam Na-Barnawa:
Ɗan Fagge, tsoro ke ɗaukar kofin farko,
Kar a ce ɗan ƙauye ne, bai san wayewa.
Kyauta ake ba shi, ko sisi bai biya ba,
Kunya ta kau, ya faɗa fili da rawa.
Ƙwaƙwalwa ta riƙe: ga maganin fargaba,
Bikin gaba shi da kansa zai je nemowa.
Jiki ya saba, ɗaya ba ta kama shi,
Sai ya ninka, daga nan ake nutsewa.

'Yar Zazzau:
Malam, ka tsaya kan samari kaɗai,
Ka bar mata a ɗaka da baƙin ciki.
Binciken 2018 ya ƙirga masu shan ƙwaya miliyan 14.3 a Najeriya,
Cikin huɗu ɗaya mace ce, duba lissafi.
Auren dole, kishi, saki, rashin barci,
Ƙawa ta ce "sha ki huta" ran kamu a biki.
Kodin ba ya wari irin na giya ko wiwi,
Uwa ba ta ganewa sai ya ci jiki.

Ɗan Kware:
Gaskiyarki Yaya, ga kuma zaman kashe wando,
Da ɗan siyasa mai saye wa yara ƙwaya.
An hana ruwan kodin a Mayun 2018,
Kwalba ta yi tsada, tramol na kan hanya.
Na asibiti miligiram 50 ne ko 100,
Na bayan fage 225, mai jawo farfaɗiya.

Malam Na-Barnawa:
Haɗin gambiza ya fi kisa, ƙanena,
Roci, ƙwayar sa barci, da kodin da giya na danne numfashi.
In ya faɗi yana minshari, ya ƙi farkawa,
Kwantar da shi ta gefe, kar amai ya shaƙe shi.
Kar a ɗura masa madara ko ruwa,
A kai shi asibiti, a faɗi abin da ya sha shi.

'Yar Zazzau:
Mari da bulala ba sa warkar da damuwa,
Yanke roci farat ɗaya na kawo jijjiga.
Likita ke rage shi kaɗan-kaɗan da lura,
Asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau, Barnawa, Kware, ƙofa na buɗe a shiga.