Wace kalmar Hausa za mu ba rubutun Braille?

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Aji huɗu nake koyarwa a firamare, kuma a zangon nan na ƙuduri niyyar yi wa yara darasi a kan makanta da yadda makaho ke karatu da yatsunsa. Akwai wata yarinya a ajin da yayanta ya rasa ganinsa bayan ƙyanda, na kuma ji da kunnena yadda sauran yara ke maganarsa, kamar ba abin da ya rage masa a duniya sai ƙoƙon bara. Da na zauna rubuta darasin, a layin farko na cije. Me zan kira Braille da Hausa?

Abin da muka saba ji a rediyo shi ne "rubutun makafi". Ba kuskure ba ne, kuma ni ba na cikin masu gudun kalmar makaho. Alƙur'ani ma da wannan sifa ya ambaci Abdullahi ɗan Ummu Maktum a farkon Suratu Abasa, mutumin da ya zama ladanin Manzon Allah (SAW). Matsalata daban ce. Ranar da na rubuta "rubutun makafi" a allo don in gwada, wani yaro a bencin baya ya ce, "To Malam, mu ina ruwanmu?" Sunan ya faɗa masa na wane ne, bai faɗa masa mene ne ba, sai ya rufe littafinsa. Alhali malamai masu gani suna koyon rubutun nan, iyaye ma suna koya don su duba aikin gidan 'ya'yansu. Kuma ba wanda ke kiran boko ko ajami "rubutun masu ido".

Ga asalin kalmar, don mu san abin da muke fassarawa. Sunan mutum ne, Luwi Birel, Bafaranshe da aka haifa a 1809 a wani ƙauye kusa da Faris. Mahaifinsa baduku ne, mai ɗinka sirdi da linzami. Yana ɗan shekara uku ya shiga wurin aikin, ya ɗauki basilla yana wasa, ta soke shi a ido. Ciwon ya harbi ɗaya idon, ya makance gaba ɗaya. Yana shekara goma aka kai shi makarantar makafi ta Faris, inda daga baya ya ci karo da tsarin rubutun wani tsohon soja mai suna Barbiye, mai ɗigo goma sha biyu masu tudu da ake ji da yatsa. Yaron ya ga kan yatsa ba ya iya rufe ɗigo goma sha biyu lokaci guda, sai ya rage su zuwa shida. A 1824 ya kammala, yana ɗan shekara goma sha biyar. Ya rasu a 1852, Faransa ba ta amince da tsarin a hukumance ba sai 1854. Abin da ke taɓa min zuciya shi ne, ƙarfen da ake huda takarda da shi don yin rubutun nan ɗan'uwan basillar da ta makantar da shi ne.

Kowane harafi yana zaune a gida ɗaya mai gurbi shida, uku a hagu, uku a dama. Ɗigo ɗaya a saman hagu shi ne a. Ka ƙara na ƙasa da shi, ka sami b. Ka cike layin hagu duka, ka sami l. Da ɗigo shidan nan ake fitar da alamomi 63. Lambobi ba su da nasu siffofi, akwai dai alamar da ake sakawa a gaba, sai haruffa goma na farko su koma 1 zuwa 9 da kuma 0. Ni da kiret ɗin ƙwai na nuna musu: na yanka shi gurbi shida-shida, kowane benci na ba su marafan kwalba shida, suna sakawa suna cirewa. Da na ce musu mai rubutu da allon Birel, wanda ake maƙala takarda a cikinsa, yana hudawa ne daga dama zuwa hagu kamar ajami, sannan ya juya takardar ya karanta daga hagu zuwa dama kamar boko, ajin sai da ya kaure da surutu.

Yanzu ga kalmomin da abokan aiki suka kawo min.

"Rubutun lalube" shi ne na farko da ke zuwa bakin kowa, kuma shi na fi ƙi. Lalube aikin wanda bai san inda abu yake ba ne, shi ya sa muke cewa lalube cikin duhu. Na zauna kusa da wani malami makaho yana karatu. Yatsan dama na tafiya a kan layi ba tsayawa, na hagu ya riga ya sauka yana jiran farkon layi na gaba, bakinsa na bi ba gargada. Wannan ba lalube ba ne. In muka sa wa yara wannan kalma a baki, mun koya musu abin da darasin ya zo gogewa.

"Rubutun shafa" ya fi kusa da abin da hannu ke yi, kuma da farko ya kwanta min. Amma a ƙasar Hausa in ka haɗa rubutu da shafa, hankalin mutum wurin rubutun allo yake tafiya, wanda ake wankewa a sha a shafa. Yaro zai koma gida ya ce an koya musu rubutun shafa, kakarsa ta fahimci wani abu daban.

"Rubutun taɓi" yana jawo taɓin hankali, na ajiye shi. "Rubutun ɗigo" bai bambance komai ba, don ajami ma cike yake da ɗigo. Wani ya ce "rubutun ƙuraje", saboda yadda takardar take ji a hannu. Gaskiya kamar ta yi kama, amma ba zan haɗa ilimi da sunan cuta ba.

Sai na koma wurin malamin nan makaho na zayyana masa duka. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, mu tun muna yara Birel muke cewa." Nan na ga na fara daga inda bai kamata ba. Tun 1953 ake da makarantar makafi a Gindiri ta jihar Filato, ga ta Tudun Maliki a Kano, ga masu karanta Alƙur'ani da wannan rubutu. Kalmar ta daɗe a bakin masu abin, mu masu gani ne ba mu tambaya ba. Kuma sa wa ilimi sunan mutum ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ai muna cewa Warshu da Hafsu ba tare da mun nemi fassara ba.

Ga inda na tsaya, sai ku gyara min. Sunan rubutun: rubutun Birel, ko Birel kawai, a rubuta shi yadda harshenmu ke furta shi. Aikin kuma: karatun yatsa. Wannan shi ne bayanin da yaro ɗan shekara tara zai kama nan take, kuma bai ware kowa ba. "Rubutun makafi" ya zauna a matsayin ƙarin bayani ga wanda bai taɓa jin Birel ba. Sauran kayan kuwa Hausa ta riga ta tanade su: gida, gurbi, ɗigo, allo. Ƙarfen hudawar ne muka yi saɓani da malamin, ni ina son basilla saboda tarihin, shi ya ce alƙalami ne tunda da shi yake rubutu. Na bi nasa.

Ina roƙon masu karatu da Birel da malamansu, na Najeriya da na Nijar, su fara magana kafin sauranmu, musamman 'yan Nijar da suka koya ta hanyar Faransanci, don furucinsu zai iya bambanta. Malamin ya yarda zai zo ajina ranar Laraba da allonsa da alƙalaminsa, zai rubuta wa kowane yaro sunansa a kati. Yarinyar nan ta riga ta roƙe ni a rubuta guda biyu, nata da na yayanta.