Shin jiragen tururi ne suka kashe jiragen fatake na gaɓar Afirka ta Gabas?

Malam Bala: Ra'ayina shi ne jiragen ruwan katako masu tafiya da iska, waɗanda Waswahili ke kira jahazi, sun mutu ne tun ranar da aka buɗe mashigin Suwez a 1869. Daga nan jiragen tururi na Turawa suka mamaye jigila tsakanin Adan, Mombasa da Zanzibar, kuma ba sa jiran kowace iska, alhali jahazi sai ya jira iskar kaskazi ta wajen Disamba ta gangaro da shi kudu, sannan ya zauna har iskar kusi ta wajen Afrilu ta mayar da shi gida. Tafiya ɗaya a shekara ba za ta yi gasa da wannan ba.

Hajiya Rabi: Malam, ban yarda ba. Idan sun mutu a 1869, waɗanne jirage ne suka ci gaba da tasowa daga Kuwait da Sur ta Oman har bayan yaƙin duniya na biyu, ɗauke da dabinon Basra da busasshen kifi? Abin da suke komawa da shi kuwa boriti ne, wato sandunan itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin kogin Rufiji na Tanzaniya da tsibiran Lamu na Kenya, wanda mutanen ƙasashen Larabawa ke rufin ɗaki da shi kamar azara a wurinmu. Babban jirgin tururi ba ya iya kutsawa cikin waɗannan ƙoramu marasa zurfi, kuma ribar kayan ba ta kai kuɗin kwal ba, ita kuwa iska kyauta ce.

Malam Bala: Wannan ai ragowar kasuwa ce, Hajiya. Kanumfari da hauren giwa, masu tsada, sun koma jiragen Turawa.

Alhaji Tukur: Ku biyun kuna kallon jirgi kun bar mutanen cikinsa. Ma'aikatan nan ba albashi ake biyan su ba. Bayan an cire kuɗin abinci da kason mai jirgi, sai a raba sauran ribar tsakanin nahoda, wato shugaban jirgin, da yaransa. Da yawansu nahodan ya ba su bashi tun kafin a tashi, bashin da kan ɗaure mutum shekara da shekaru, kuma ba Larabawa kaɗai ba ne, akwai Waswahili da Somaliyawa da 'ya'yan bayi. Wannan arhar ƙwadago ce ta riƙe sana'ar. Da Kuwait ta fara fitar da man fetur a 1946, matashi ya sami aiki mai albashi a tudu, wa zai koma watanni yana barci a kan buhunan dabino? Siminti da ƙarfe kuma suka maye gurbin boriti.

Hajiya Rabi: Allah ya saka, Alhaji. A ƙara da juyin juya halin Zanzibar na 1964, wanda ya sa Larabawa da yawa suka bar tsibirin. Kuma ko a Bahar Maliya, alhazanmu na ƙasa marasa ƙarfi sun daɗe suna ƙetarawa daga Sawakin ta Sudan a cikin sambuk, wani irin jirgin katako mai tafiya da iska, bayan jiragen tururi sun riga sun zama ruwan dare.

Malam Bala: Na karɓi batun fetur, amma ina nan kan cewa tururi ne ya fara raunana su. Kuma jiragen katakon da ke aiki yau daga Dubai zuwa Somaliya inji suke ɗauke da shi, don haka kada a ƙidaya mini su.